Bushewar baki da ta ƙi ƙarewa: shin madadin yawu yana magani?

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 63, kuma fiye da shekara guda ke nan bakinta yana bushewa dare da rana. Ba ta iya haɗiye tuwo sai da ruwa a gefe, tana farkawa cikin dare harshenta ya manne wa ganɗa, kuma ko karatun Alƙur'ani ta fara sai ta riƙa tsayawa tana kurɓar ruwa. Tana shan maganin hawan jini da wata ƙwaya ta dare da aka ba ta saboda zafin ƙafa, kuma yanzu minti take tsotsa kusan ko da yaushe. A wani kemis an nuna mini wani ruwa da ake fesawa a baki, aka ce madadin yawu ne. Shin yana magani, kuma ba shi da illa?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa kulawar da kike yi mata. Madadin yawu yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, kuma galibinsa ba shi da wata illa da za ta tayar da hankali, amma ba ya warkar da bushewar baki, ba ya sa jiki ya ƙara samar da yawu, sannan ba ya kare haƙora kamar yadda yawu na asali yake yi. Saboda haka ba zan hana ki saya ba, sai dai ina so ki san gurbinsa a cikin jinyar, domin daga bayanin da kika yi akwai abubuwa biyu da suka fi shi gaggawa, wato a duba magungunan da take sha, kuma a raba ta da mintin nan tun bai cinye mata haƙora ba.

Lafiyayyen mutum yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana. Mafi yawansa yana fitowa ne daga manyan maɓuɓɓugai guda shida, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, wadda ita ce take kumbura idan yaro ya yi hangum, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya kuma a ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana da suke warwatse a leɓe da kumatu da ganɗa, waɗanda abin da suke bayarwa kaɗan ne amma shi ya fi yauƙi. Kusan kashi 99 cikin 100 na yawu ruwa ne, amma ɗan ragowar nan shi ne ke yin aikin. A cikinsa akwai sinadarin yauƙi da ke lulluɓe fatar baki ya sa harshe ya riƙa zamewa, akwai bikabonet da ke kashe tsamin da ƙwayoyin cuta suke fitarwa bayan an ci abinci, akwai kalsiyam da fosfet da suke mayar wa haƙori abin da tsami ya zaizaye, akwai kuma sinadaran garkuwa da suke hana ƙwayoyin cuta yin yawa. Madadin yawu na kemis yana kwaikwayon jiƙawa da santsi ne kawai, wasu kuma sukan ƙara ɗan gishirin ma'adinai. Sauran ayyukan har yau babu wani kamfani da ya iya haɗa su yadda ya kamata, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa mutum zai iya jin bakinsa ya yi daɗi da feshi alhali haƙoransa suna ci gaba da lalacewa.

Kafin a zo ga abin da za a fesa, dole a tambayi abin da ya busar da bakin. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, sukan ce ai tsufa ne, amma tsufa shi kaɗai ba ya busar da baki haka. Abin da ya sa matsalar ta fi yawa a tsakanin dattawa shi ne su suka fi shan magunguna, kuma akwai ɗaruruwan magunguna da suke rage yawu. Ƙwayar dare da ake bayarwa saboda zafin ƙafa ko raɗaɗin jijiya sau da yawa amitiriftilin ce, kuma tana cikin sahun gaba wajen busar da baki domin tana toshe saƙon da jijiya ke aikawa maɓuɓɓugan yawu. Cikin magungunan hawan jini, masu sa fitsari irin su Lasix da Moduretic da kuma tsohon maganin nan Aldomet duk suna iya jawo haka. Sai magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, da Buscopan na murɗar ciki, da Artane, da tiramadol da kodin, da magungunan da ake ba masu yawan fitsari ko masu taɓin hankali. Idan mutum yana shan biyu ko uku daga cikinsu a lokaci guda, illar tana taruwa ne. Shawarata ita ce ki kwashi duk abin da Hajiya take sha, har da wanda take saya da kanta da na gargajiya, ki zuba a leda ki kai wa likitan da ke duba ta, ki gaya masa ƙarara cewa bakinta ya bushe fiye da shekara. Sau da yawa rage adadin ƙwaya ɗaya, ko musanya ta da wata, ko sauya lokacin shan ta, yana kawo sauƙin da babu feshin da zai kawo. Amma kada ta dakatar da maganin hawan jini da kanta ko na kwana ɗaya, domin shanyewar ɓarin jiki ta fi bushewar baki muni nesa ba kusa ba, haka ita ma ƙwayar daren ba a yanke ta farat ɗaya.

Akwai wani abu a cikin tambayarki da ya tsaya mini a rai. Mace mai shekara 63 da hawan jini da zafin ƙafa da bushewar baki da farkawa cikin dare don shan ruwa, wajibi ne a auna mata suga idan ba a yi ba kwanan nan, domin ciwon suga da ba a shawo kansa ba yana jawo yawan fitsari da ƙishirwa da bushewar baki, kuma shi ne kan gaba wajen lalata jijiyoyin ƙafa. Gwaji ne mai araha da ake yi a kusan kowane asibiti. Idan suga ne, to saukar da shi shi ne maganin.

Sauran dalilan da likita zai yi tunani a kansu sun haɗa da wata cuta da garkuwar jiki take juyowa ta far wa maɓuɓɓugan yawu da na hawaye, wadda ake kira da sunan wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, da ya yi cikakken bayaninta a 1933. Cikin mutum 10 da ke da ita kusan 9 mata ne, galibi masu matsakaicin shekaru zuwa sama. Alamarta ita ce bushewar baki tare da jin kamar yashi a ido, wani lokaci da ciwon gaɓoɓi da gajiya, kuma ana tabbatar da ita da gwajin jini da gwajin hawaye, wani sa'in har a ɗan yanki tsokar cikin leɓe a duba. Gashin da ake yi wa masu ciwon daji a kai ko wuya shi ma yana kashe maɓuɓɓugan yawu, haka kuma cuta mai karya garkuwar jiki da wani nau'in ciwon hanta da ciwon ƙoda suna iya rage yawu. Akwai kuma wanda yawunsa lafiya lau yake amma hancinsa a toshe yake, da baki yake numfashi idan ya yi barci, sai ya wayi gari maƙogwaro a bushe, musamman lokacin hunturu. Shi wannan hancinsa za a duba.

Idan aka kawo irin Hajiya ɗakin duba haƙori, akwai abubuwan da ido yake gani tun kafin a yi wani gwaji. Ɗan madubin da muke sakawa a baki yakan manne wa kumatu maimakon ya zame. Idan ta ɗaga harshe, ba a ganin ɗan tafkin yawun nan da ke kwanciya a ƙarƙashinsa, sai dai kumfa-kumfa ko wani abu mai danƙo da ke jan zare. Harshen kan yi ja ya tsattsage, kusurwar leɓe ta dare, ɓurɓushin abinci ya maƙale a ganɗa, sannan a wuyan haƙora, daidai inda suka haɗu da dasashi, a ga wani zobe mai ruwan ƙasa ya fara zagaye su. Gwajin kansa mai sauƙi ne: mutum zai zauna shiru ba ya taunar komai, ya riƙa tara yawu yana zubawa a ƙaramin kofi na minti 15. Lafiyayye yakan tara kimanin mililita 0.3 zuwa 0.4 a minti ɗaya, kuma idan abin da aka samu bai wuce mililita 1.5 a duka minti 15 ɗin ba, an tabbatar yawu ya yi ƙaranci. Daga nan sai a ba shi abin taunawa a sake aunawa, kuma wannan awo na biyu shi ne ya fi muhimmanci a wurina, domin shi yake raba marasa lafiya gida biyu. Wanda yawunsa ya ƙaru da tauna, maɓuɓɓugansa suna da rai, abin da yake buƙata shi ne a tsokane su. Wanda bai ƙaru ba, kamar wanda aka yi wa gashi mai yawa ko wanda cutar Sjögren ta daɗe a jikinsa, shi ne ainihin wanda aka yi madadin yawu dominsa. Wanda magani ya busar wa baki kusan kullum yana cikin gida na farko, kuma ina kyautata zaton nan Hajiya take.

Kina iya gwada wannan a gida. Ki ba ta cingam marar suga ta tauna na minti biyar, ki tambaye ta ko ta ji bakinta ya jiƙa. Idan ya jiƙa, to cingam marar suga, musamman mai ɗauke da zailitol, wani sinadarin zaƙi wanda ƙwayoyin cutar baki ba sa iya mayar da shi tsami, zai yi mata aikin da ya kai na feshi, da kuɗi kaɗan, kuma yawun da zai fito nata ne na asali mai ɗauke da duk sinadaran kariya. Na san dattijuwa ba lallai ta so a gan ta tana taunar cingam a cikin mutane ba, don haka ana iya neman alewa marar suga wadda ba ta da tsami, ko ta riƙa juya ƙwallon dabino da aka wanke tas a baki idan ba ta da matsalar shaƙewa. Asuwaki ma yana tsokano yawu, sai dai a sa shi ya yi laushi sosai domin busasshen dasashi ba ya jure gurza.

Su kuwa madadin yawu, ana sayar da su a siga uku: na fesawa, na kurkurawa, da mai kauri da ake shafawa da yatsa. Bambancinsu na gaskiya yana cikin abin da aka yi amfani da shi don kawo santsi. Mafi yawa da selulos ake yin su, wani sinadari da ake samu daga tsirrai wanda kan sa ruwa ya yi kauri, kuma a jikin kwalba za ki ga an taƙaita shi da CMC ko wani suna makamancin haka. Glandosane da Saliveze da Biotène Oralbalance da BioXtra duk daga wannan dangi suke. Akwai waɗanda ake yi da ainihin sinadarin yauƙi na dabba, kamar AS Saliva Orthana, kuma a nan dole in faɗa miki cewa yauƙin da ke cikinsa daga tumbin alade ake tatso shi. Yana daga cikin waɗanda suka fi kama da yawu na asali wajen zamewa, amma Musulmi yana da haƙƙin ya sani kafin ya saya, tun da akwai wasu da za su maye gurbinsa. Akwai kuma na wani ƙaro mai sa ruwa kauri da ake kira zantan, da na 'ya'yan wani tsiro mai mai, da masu tushen mai kamar Aequasyal da Xerostom, wanda shi na biyun man zaitun ne a cikinsa. Wasu kamfanoni suna ƙara sinadaran kashe ƙwayoyin cuta da aka ciro daga madara ko ƙwai, don haka wanda jikinsa ba ya karɓar waɗannan ya karanta kwalin da kyau.

A 2011 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magunguna ta tace su, ta duba gwaji 36 da aka yi a kan mutum 1,597 game da abubuwan da ake sakawa a baki don bushewa. Abin da ta samu shi ne babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa wani daga cikinsu ya yi fice wajen kawar da matsalar. Feshi mai tushen mai ya ɗan fi feshin ruwa da gishirin ma'adinai, da kimanin maki 2 a ma'aunin maki 10 na yadda mutum yake jin bushewa, kuma ba a sami hujjar cewa cingam ya fi madadin yawu ko ya gaza shi ba. Yadda nake karanta wannan sakamako shi ne, kada tsada ko kyan kwali ya ruɗe ki, kuma kada ki sayi kwalabe da yawa a karon farko. Abin da ya yi wa wani daɗi wani zai ce yana masa danƙo ko yana tayar masa da zuciya. A sayi ƙarami ɗaya, a gwada na mako biyu, idan bai karɓe ta ba a sauya zuwa wani da aka yi da sinadari dabam. Galibinsu daga waje ake shigo da su, ba a kowane kemis ake samu ba, saboda haka a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci, kuma shi ne mutane ba su cika dubawa ba, shi ne tsamin abin da za a fesa. Yawu na asali yana kusa da 7 a ma'aunin pH, wato ba tsami ba kanwa, kuma duk lokacin da lambar ta yi ƙasa tsami ne ya ƙaru. Farin ɓawon haƙori yana fara narkewa idan ma'aunin ya sauka ƙasa da 5.5, saiwar haƙori kuwa, wadda takan fito fili a bakin dattawa saboda ja da bayan dasashi, tana fara narkewa tun a wajen 6.2 zuwa 6.7. Wasu madadin yawu an sa musu tsami da gangan don ɗanɗano ko don tsokano yawu, kuma Glandosane, alal misali, yana ƙasa da 6, shi ya sa a Ingila aka daɗe ana gargaɗin kada mai haƙoransa na asali ya daɗe yana amfani da shi. Mutumin da zai fesa abu mai tsami sau goma a rana a bakin da babu yawun da zai wanke shi, yana jiƙa haƙoransa ne a cikin abin da ke cinye su. Don haka idan Hajiya tana da haƙoranta, ki nemi wanda aka rubuta cewa ba shi da tsami, ba shi da suga, ba shi da barasa, idan kuma an samu mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, a ciki ya fi. Idan haƙoran roba take sakawa gaba ɗaya, wannan sharaɗi ya sassauta.

Yadda ake amfani da shi ma yana sauya sakamako. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fesa a tsakiyar harshe a haɗiye nan take, sannan a ce bai yi aiki ba. Ta fara kurkure baki da ruwa don fitar da danƙon da ya taru, sannan ta fesa sau biyu ko uku a cikin kumatun dama da na hagu da ƙarƙashin harshe, ta yi amfani da harshe ta shafe ganɗa da bayan leɓe da dasashi, sannan ta daure kada ta kurɓi ruwa nan da nan domin ruwan zai wanke shi. Sauƙin feshi ba ya daɗewa, daga 'yan mintoci ne zuwa abin da bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba, saboda haka amfaninsa shi ne a yi shi daidai lokacin buƙata, kafin ta zauna karatu, kafin ta karɓi baƙi, ko kafin cin abinci. Mai kaurin shi ne na dare, kuma a ganina a nan ne madadin yawu ya fi cancantar kuɗinsa, domin idan mutum ya yi barci yawu kusan tsayawa yake yi ko ga mai lafiya, ga shi ba a taunar cingam cikin barci. Bayan ta goge baki, ta matso kamar tsawon gaɓar yatsa a kan yatsa mai tsabta, ta shafa a harshe da ganɗa da cikin kumatu, ta kwanta, ta ajiye bututun kusa da matashi don idan ta farka. Wannan yakan rage yawan tashi shan ruwa, wanda shi kuma yake rage tashi fitsari, sai barci ya daidaita. Mai haƙoran roba zai iya shafa shi a cikin robar kafin ya saka da rana, amma da dare a cire robar a jiƙa ta.

Idan ba a samu na kemis ba ko kuɗinsa ya yi yawa, akwai abin da za a yi a gida wanda ba shi da nisa da shi. A zuba ruwa mai tsabta a ƙaramar kwalbar feshi sabuwa ta riƙa fesawa, domin jiƙa baki akai-akai ya fi shan kofi guda a lokaci ɗaya. Ɗigon man zaitun da za ta shafe baki da shi kafin barci yana riƙe danshi, sai dai ba a yi wa wanda yake yawan shaƙewa ko wanda ba ya cikin hayyacinsa. Don kurkurawa, a narkar da cokalin shayi ɗaya na bekin soda da cokalin shayi ɗaya na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, a kurkure a zubar, a haɗa sabo kowace rana. Bekin soda nake nufi, ba bekin foda na yin cincin ba, kuma kada a musanya shi da kanwa ko toka, domin suna iya ƙona fatar bakin da ta riga ta yi rauni. Wajen abinci kuwa girkinmu ya riga ya tanadi abin da ake buƙata: miyar kuɓewa da kuka da karkashi da lalo suna sa loma ta zame ba tare da an kora da ruwa ba, kuma tuwo mai laushi da kunu da fate sun fi mata sauƙi a kan gurasa ko dambu ko soyayyen nama. A rage yaji, domin busasshen baki yana jin zafinsa ninki biyu.

Sai batun minti, wanda shi ya fi damuna a duk bayaninki. Mintin da ake sayarwa a tebur kusan duka suga ne, kuma wanda yake tsotsa ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa dare yana ciyar da ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da haƙori ba tare da hutu ba, a bakin da ba shi da abin da zai kashe tsamin da suke fitarwa. A irin wannan hali haƙoran da suka shekara sittin lafiya suna iya ruɓewa ta wuya su karye cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa ba sa ciwo sai aikin gama ya gama. Haka abin yake ga tsotsar lemun tsami ko tsamiya, da kurɓar zoɓo ko lemun kwalba a hankali tsawon yini. Suna kawo yawu na ɗan lokaci amma suna zaizaye haƙori. Goro da shayi mai ƙarfi da kofi suna ƙara jin bushewa, taba da barasa kuma sun fi su, sannan ruwan kurkure baki na kanti mai ɗauke da barasa yana ƙara busarwa ko da an ji sanyinsa da farko. Abin da zai kare haƙoranta shi ne fuloraid. Ta goge baki sau biyu a rana da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid 1,450 ppm, wanda ake rubutawa a jikin bututu, ta tofar da kumfar amma kada ta kurkure da ruwa bayan nan, don maganin ya zauna a kan haƙora. Idan likitan haƙori ya ga ruɓewa ta fara, zai iya rubuta mata mai ƙarfin 5,000 ppm, ko ya riƙa shafa mata fuloraid mai kauri a asibiti duk bayan wata uku zuwa shida. Idan man goge bakin yana mata zafi, a nemi wanda ba shi da sinadarin kumfa da ake taƙaitawa SLS.

Wata matsalar da take bin bushewar baki ita ce ƙwayar cutar kandida. Wani lokaci takan fito da fararen tabo kamar guntun kindirmo da ke gogewa su bar ja, amma a busasshen baki ta fi zuwa da ja kawai da raɗaɗi da darewar kusurwar leɓe, sai mutum ya ɗauka bushewar ce ta ƙaru ya yi ta ƙara feshi. Ita maganinta dabam ne, kuma likita ne zai zaɓa, domin wasu daga cikin magungunanta ba sa jituwa da maganin tsinka jini irin su wafarin.

Ga wanda aka gyara magungunansa, aka gwada tauna da feshi amma abin bai wadatar ba, akwai ƙwayoyin da suke tilasta wa maɓuɓɓugan yawu su yi aiki. Wadda aka fi sani ita ce filokafin, da ake sayarwa da sunan Salagen, wadda asalinta daga ganyen wani tsiro ne na ƙasar Barazil. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1994 don waɗanda aka yi wa gashi, sannan a 1998 don masu cutar Sjögren, kuma ana shan miligiram 5 sau uku ko huɗu a rana. Akwai kuma sebimelin, miligiram 30 sau uku a rana, da aka amince da ita a 2000. Dukansu suna buƙatar a ce akwai sauran rai a maɓuɓɓugan, suna iya ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsu, kuma suna jawo gumi mai yawa da yawan fitsari da murɗar ciki. Ba a ba mai asma da ba ta lafa ba ko mai wani nau'in hawan jinin ido, kuma ana taka-tsantsan da mai ciwon zuciya. Ban ga dalilin da za a fara da su ga Hajiya ba, domin bai dace a ƙara ƙwaya don gyara illar wata ƙwaya ba alhali ana iya sauya ta farkon, kuma ba magani ba ne da za a saya a kemis ba tare da takardar likita ba.

Game da azumi, busasshen baki yana wahala ƙwarai da rana, kuma abin da aka fesa ko aka shafa yana iya wucewa maƙogwaro, don haka hukuncin amfani da shi da rana na malamai ne, ta tambaye su tare da bayanin halin da take ciki. Ta fuskar lafiya, ta shafa mai kaurin bayan sahur kafin alfijir, ta sha ruwa isasshe a rarrabe tsakanin buɗa-baki da sahur, ta kuma tambayi likitanta yadda za a tsara lokacin shan maganin sa fitsari idan tana shan sa.

Ki samar mata ganin likitan haƙori a cikin 'yan makonnin nan ko da ba ta jin ciwo, daga nan kuma duk bayan wata uku zuwa shida muddin bakin yana bushewa. Amma kada a jira wannan lokaci idan aka ga kumburi a gaban kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi da ya ƙi sauka, ko gyambo a baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ko abinci ya fara tsaya mata a maƙogwaro, ko tana ramewa ba dalili, ko idanunta su ma sun bushe suna mata kamar yashi. Kowanne daga cikin waɗannan yana buƙatar a kai ta asibiti a cikin makon da aka lura da shi.